D7 a Turanci: yadda muka ɗauko dabarun makarantar allo muka ceto karatun 'yar Zango

Ranar da sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, yayata ta kira ni tun kafin ta sauke tukunyar wake da shinkafar da take sayarwa a bakin titi a Aboabo, nan Kumasi. Ta ce, "Ticha, zo ka duba mana abin nan. Yarinyar nan tun da ta leƙa waya ta shige ɗaki, ko uffan ba ta ce ba."

Na je na karɓi wayar na duba. Darussan kimiyya duk ta ci su da kyau, lissafi ma ta samu C4. Sai na kai kan Turanci na ga D7. Uwar tana tsaye da ludayi a hannu tana tambaya, "Ba ta ci ba ne?" Na ce ta ci, amma cin da ba zai kai ta inda take so ba. Makarantar koyon aikin jinya da take buri tun tana ƙarama ba ta karɓar abin da ya gaza C6 a Turanci, haka ma jami'a ga mai neman digiri. Mataki ɗaya tak ya raba ta da shiga.

Shekara 14 ke nan ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare, kuma na ga irin wannan takarda a gidaje da yawa na Zango. Amma sai da abin ya faɗo cikin gidanmu na zauna na yi wa kaina tambayar da ya kamata in yi tun tuni: me ya sa yaron da ya haddace izu 20, yake ciniki da yare uku a kasuwa, Turanci ke kayar da shi?

Harshe huɗu a kan yaro ɗaya

Ɗan Zango yana tashi da Hausa a gida. Ya fita waje ya yi wasa da Twi, wanda mu muke kira Tonanci, in kuma a Nima ko Mamobi yake a Akra, ga yaren Ga nan. Da yamma ko ƙarshen mako yana makaranta gaban malam da Larabci. Da abokai kuma Buroka ake yi. Turancin littafi shi ne baƙo a cikinsu, domin a aji kawai yake haɗuwa da shi, amma da shi ake rubuta kusan duk jarrabawar da za ta yanke masa makoma, daga BECE har WASSCE.

Akwai wani abu kuma da ba mu cika magana a kansa ba. Harsunan gida 11 ne gwamnati ta ɗauka ana koyarwa a makarantu, irin su Twi, Ga, Ewe da Dagbani. Hausa ba ta ciki, duk da cewa gidan rediyon GBC ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Wato yaronmu ba ya fara koyon karatun boko da harshen da yake tunani da shi.

Kakanninmu sun ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan don tsoron kada a raba su da addini, kuma suna da hujja a zamaninsu. An rage wannan tsoro da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987, inda ake haɗa boko da Arabiyya a makaranta ɗaya. A 2017 kuma aka fara babbar sakandare kyauta. Ƙofa ta buɗu, yaranmu sun shiga da yawa. Abin da ya rage yana tare su a bakin fita shi ne Turanci.

Kuskurenmu na farko

Mun yi wa yarinyar rajistar jarrabawar masu zaman kansu, wadda kowa ke kira Nov-Dec. Na tara mata tambayoyin shekarun baya, na ba ta jerin manyan kalmomi ta haddace, har da wasu insha'i da aka riga aka rubuta. Hadda kuwa ba ta ba ta wuya. Ta shiga jarrabawa, sakamako ya fito, D7 ya sake dawowa. Kuɗin rajista da uwarta ta tara daga cinikin wake ya tafi.

A daren nan na ce ta kawo min wani insha'i da ta rubuta da kanta. Na ga kalmomi manya-manya an jera su kamar kayan ado a kanta, amma jimla uku a jere ba su tsaya da ƙafarsu ba. Sai na miƙa mata jarida na ce ta karanta min labari ɗaya. Ta karanta da murya mai daɗi, ba gargada. Na ce to, faɗa min da Hausa abin da aka ce. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, wallahi ina karantawa ne kawai, ban san ana so in riƙe ma'ana ba sai in an yi tambaya."

Nan na gane laifina. Na ɗauko hadda daga makarantar allo na bar sauran kayan aikin da ke cikinta.

Sarfu ya buɗe mana hanya

Wani dattijon malami da ke koyar da littattafai a zaure kusa da gidanmu shi ya tuna min da abin da na manta. Na kai masa kuka, ya ce, "Ticha, mu ba ma ba ɗalibi kalma ita kaɗai. Muna ba shi ita da danginta." Gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa karatun sarfu ya san daga kataba ake samun kitabu da katibu da maktabu. Hausa ma haka take: karanta, karatu, makaranci, makaranta.

Turanci ma yana da dangi. Daga employ, wato ɗaukar aiki, ake samun employer mai ɗauka, employee wanda aka ɗauka, employment aikin kansa, da unemployment, rashin aikin da ya addabi samarinmu. Kalma ɗaya ta haifi huɗu. Da yarinyar ta gane cewa un- da dis- a farkon kalma sukan juya ma'ana, re- kan nuna maimaitawa, -tion da -ment a ƙarshe kan mayar da aiki ya zama suna, sai ta fara cinko ma'anar kalmomin da ba ta taɓa gani ba.

Na kuma daina ba ta manyan kalmomi. Masana sun daɗe da lura cewa kalmomi kusan 2,000 da aka fi yawan amfani da su su ne ke ɗauke da mafi yawan abin da ake rubutawa da Turanci. Wani Bature malamin makaranta, Michael West, wanda ya yi koyarwa a yankin Bengal, ya wallafa jerinsu tun 1953. Daga baya, a 2000, wata malama a New Zealand, Averil Coxhead, ta fitar da dangin kalmomi 570 da suka fi yawo a littattafan karatu, irin su analyse da factor da method. Ana samun jerin biyu kyauta a intanet. Su ne tuwo, manyan kalmomin nan da muke burge juna da su yaji ne kawai.

Tsarin da muka bi mai sauƙi ne. Littafin rubutu ɗaya, kalma biyar a rana, kuma dole daga abin da ta karanta za ta tsamo su. Za ta kwafe jimlar da ta tsinci kalmar a ciki, ta rubuta ma'anar da Hausa, ta jero danginta, sannan ta ƙirƙiri jimlarta a kan abin da ya shafi gida ko kasuwa. Sai muraja'a, kamar yadda ake yi wa hadda: ta koma kan kalmomin washegari, bayan kwana uku, sannan bayan mako. Kalma biyar sau kwana shida cikin mako 40 ta kama 1,200, ban da 'yan uwansu. Da yayyafi kogi kan cika.

Inda Hausarmu ke sa mana ƙafa

Nahawu kuwa ban bi littafi daga bango zuwa bango ba. Na tattara kurakuranta na ga yawancinsu gida ɗaya suka fito, kuma irinsu nake gani a ajina kullum.

Na farko shi ne he da she. A Hausar Kano an raba "ya zo" da "ta zo", amma mu a Zango da yawanmu "Hajiya ya zo" muke cewa, Tonanci ma ba ya raba mace da namiji a nan. Sai yaro ya fara labarin mahaifiyarsa da she, ya ƙare da he.

Na biyu, lokaci. A Hausa muna cewa na ci, zan ci, nakan ci, kalmar "ci" ba ta motsa ba, abin da ke gabanta ne ya canza. Bature kuwa kalmar aikin yake canzawa: eat, ate, eaten. Yaronmu yakan sa yesterday a farkon jimla ya ga ai ya gama nuna lokaci, sai ya bar go a inda went ya kamata.

Na uku, fassara kai tsaye. Mu "jin" wari muke yi, "shan" magani muke yi ko da ƙwaya ce. Sai ka ga an rubuta hear the smell ko drink the tablet, alhali smell da take ake nema. Ga kuma p da f, waɗanda a bakinmu sauti ɗaya ne, sai pull ya zama full a jarrabawar sauraro.

Waɗannan ƙananan abubuwa suna da tsada. A insha'in WASSCE ana son kalma kusan 450, kuma daga cikin maki 50 an ware 10 don tsabtar rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kuskure 20 ya share goman nan kaf. Da na yi mata wannan lissafi, ta daina rubuta u da bcos ko a WhatsApp. Muka yi yarjejeniya cewa duk saƙon da za ta turo min da Turanci sai cikakkiyar jimla, in ba haka ba in mayar mata ta gyara.

Karatun da ta ji kunyarsa

Abin da ya fi wuya shi ne sa ta karatu. Na kai ta babban ɗakin karatu na yankin Ashanti da ke harabar cibiyar al'adu, na wuce da ita sashen yara na ɗauko mata littafin labari na 'yan firamare. Ta ɓata rai. "Haba Kawu, ni da na gama sakandare?"

Na ce ta buɗe littafin da take ganin ya dace da ita, ta karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ba ta sani ba ta lanƙwasa yatsa. Kafin rabin shafi hannu ya ƙare. Bincike ya nuna mai karatu yana buƙatar sanin kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Wanda ke tsayawa duba ƙamus a kowane layi wahala kawai yake sha, kuma ba zai daɗe ba zai ajiye littafin.

Ta fara da ƙananan littattafan da jaridar yara ta Junior Graphic, minti 20 bayan sallar asuba kafin ta fita taya uwarta. Bayan wata uku ta koma Daily Graphic. Kowane dare kuma za ta zaɓi labari ɗaya ta ba uwarta shi da Hausa, sannan ta rubuta min shi da Turanci cikin jimla uku. Uwar ba ta yi boko ba, amma ita ce ta zama mai jarrabawa, don in labari bai fito ba za ta ce, "Ban gane ba, sake." Wannan shi ne ainihin aikin da ake nema a sashen taƙaitawa, wanda ke ɗauke da maki 30 kuma yake kayar da ɗalibai da yawa.

Ina jaddada maganar Hausar nan da gangan. Lokacin da nake firamare, akwai wani allo da ake rataya wa duk wanda aka kama yana yin yaren gida a aji. Abin da ya koya mana shi ne yin shiru. Yaron da ya iya bayyana abu da harshensa ya fahimce shi, saura kawai a ba shi kalmomin Turancin. Wanda aka hana shi harshensa kuwa sai ya koma maimaita abin da bai sani ba.

Sakamako, da abin da ya rage mana

A zama na uku ta samu C5. Ba A1 ba ne, kuma har yau takan yi tuntuɓe da he da she in tana sauri. Amma yanzu tana shekara ta biyu a makarantar jinya. Shekara biyu da kuɗin rajista sau biyu muka biya kafin mu kai nan, kuma da an fara wannan aiki tun tana aji huɗu, da ba a kai ga haka ba.

Shi ya sa nake roƙon iyaye: ko ba ku yi boko ba, ku sa yaro ya karanta muku wani abu kullum ya fassara muku da Hausa. In ya kasa, kun gano matsala tun da wuri. Malaman makarantunmu na Islamiyya kuma, ku ne kuka fi kowa sanin sarfu da muraja'a, ku nuna wa yara cewa dabarar tana aiki a kowane harshe. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin samari, akwati ɗaya na littattafan yara a zaure ba zai kai kuɗin rumfa da kujerun biki ɗaya ba. Mu ma mun ajiye namu a zauren malam, yara 17 ke zuwa ranar Asabar bayan la'asar, kuma wadda ke duba musu littattafan kalmomi in ta zo hutu ita ce mai D7 ɗin nan.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani.