Zaɓen zanen gado: abin da ke jiran baƙo a Turai da Amurka

Daga cikin abubuwan da kan fara ɗaure wa baƙo kai idan ya sauka a Birtaniya ko Jamus ko Amurka domin karatu ko aiki, har da wani abu da ba kasafai ake kawo shi a rai ba kafin a bar gida, wato zanen gado.

A yawancin ɗakunan kwanan ɗalibai, gado da katifa kawai mutum zai tarar, sauran kayan shimfiɗa kuwa shi zai nemo wa kansa tun daren farko. Galibi a daidai wannan lokaci ne kuɗin hannunsa ke da ƙaranci, ga gajiyar tafiya, ga sanyin da bai saba da shi ba.

A kasuwar Kantin Kwari ta Kano, mai saye kan taɓa yadi ya murza shi, ya ɗaga shi ya duba ta cikin haske, kafin a shiga ciniki. A can kuwa zanen na naɗe ne cikin leda a kan kanta, ko kuma hotonsa kawai za a gani a intanet. Ke nan aikin da hannu ke yi a gida ya koma kan ido, dole sai an karanta abin da aka rubuta a jikin kunshin, an kuma san wanda za a gaskata a ciki.

Girman gado ya bambanta

Kafin a kai ga maganar laushi, akwai ta awo. A Najeriya da ƙafa ake auna katifa, a ce shida da shida ko huɗu da rabi da shida. A Turai kuwa da santimita ake yi, kuma kowace ƙasa da nata tsarin.

A Birtaniya gadon mutum ɗaya na da faɗin santimita 90 da tsawon 190, na mutum biyu 135 da 190, sannan wanda suke kira na sarki 150 da 200. A Jamus kusan dukkan gadaje tsawonsu santimita 200 ne, faɗin ne ke canjawa daga 90 zuwa 140 ko 160 ko 180.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne tsakanin Birtaniya da Amurka, domin sunayen iri ɗaya ne amma girman daban. Gadon sarki na Amurka ya kai faɗin santimita 193, yayin da na Birtaniya ya fi kusa da wanda Amurkawa ke kira na sarauniya. Kazalika gadajen ɗakunan ɗalibai a yawancin jami'o'in Amurka sun ɗara gadon mutum ɗaya da aka saba gani tsawo da kimanin santimita 13, abin da kan sa zanen da ɗalibi ya saya cikin gaggawa ya ƙi rufe katifar.

Wannan na da muhimmanci ne saboda zanen ƙasa da ake amfani da shi a waɗannan ƙasashe mai roba ne a kusurwoyinsa, sanya wa katifa shi ake yi kamar hula. Idan ya gaza ba dabarar da za a yi masa. Don haka ban da tsawo da faɗi, sai an auna kaurin katifar ma. Ita ma rigar filo haka take: filon Jamusawa murabba'i ne mai santimita 80 a kowane gefe, na Birtaniya kuwa 50 ne da 75.

Tsawon silin auduga

Asalin laushin zane daga gona yake. Kusan kashi 90 cikin 100 na audugar da ake nomawa a duniya irin nan ce mai gajere ko matsakaicin sili, kamar wadda ake nomawa a yankunan Funtuwa da Gusau. Akwai kuma wani irin na daban wanda silinsa kan kai milimita 35 ko fiye, shi ne ake nomawa a wasu sassan Masar, da yankin Jazira na Sudan, da ƙasar Peru, da kudu maso yammacin Amurka inda ake sayar da shi da tambarin Supima.

Dalilin fifikon a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin mace na kaɗi da mazari. Idan silin gajere ne, sai an harhaɗa da yawa kafin a sami zare, kuma bakin kowanne kan leƙo waje. Waɗannan ƙananan bakunan su ne ke sa kaushi, su ne kuma ke ƙudundunewa su zama 'yan ƙuraje a jikin zane bayan an yi ta wanke shi. Dogon sili kuwa kan ba da zare siriri, sumul, mai ƙarfi, wanda ke ƙara laushi da yawan wanki.

Sai dai kuma sunan audugar Masar ya daɗe da zama abin talla. Abin da Masar ke nomawa bai kai kashi 1 cikin 100 na audugar duniya ba, amma da wuya a shiga babban kanti a London ko New York ba a ga zannuwa jibge da wannan suna ba.

A watan Agustan 2016 kamfanin Target na Amurka ya yanke hulɗa da masaƙar Welspun ta Indiya, bayan ya gano cewa zannuwan gado da rigunan filo kimanin 750,000 da aka sayar da sunan audugar Masar cikin shekaru biyu, da wata audugar aka saƙa su. Kamfanin ya yi tayin mayar wa masu saye kuɗinsu. Idan babban kamfani irin wannan zai ɗauki shekaru biyu kafin ya farga, to ɗalibin da ya ga zanen audugar Masar a farashin abincin rana ɗaya, ya kamata ya tambayi kansa dalilin arahar.

Lissafin zare

Babu abin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kunshin kamar adadin zare, wato 200 ko 400 ko 1,000. Abin nufi shi ne yawan zaren tsaye da na kwance da ke cikin murabba'in inci ɗaya na yadin. A zahiri sai a ɗauka cewa mafi yawan zare shi ne mafi inganci, kuma a kan wannan zato ne masu talla suka gina kasuwarsu.

Amma inci ɗaya na da iyakar abin da zai ɗauka. Dabarar da wasu masaƙu ke yi ita ce su tufka siraran zaruruwa uku ko huɗu marasa ƙarfi su zama ɗaya, sannan su ƙirga kowanne daban. Ta haka yadin da ke da zare 250 sai ya fito kasuwa da lambar 1,000, alhali ya fi nauyi, ya fi riƙe zafi, kuma ba lallai ne ya fi laushi ba. Tun a shekarar 2005 hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayyar Amurka ta bayyana cewa irin wannan ƙirga na iya yaudarar masu saye.

Zane mai zare 200 zuwa 400 wanda aka saƙa da auduga mai dogon sili ya wadatar, kuma sau da yawa ya fi mai lambar 1,000 daɗin kwanciya.

Bayan zare sai salon saƙa. Akwai saƙar da ake kira farkel, inda zare ɗaya kan hau ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya. Tana da ɗan tsauri a farko kamar sabuwar farar riga, iska na ratsa ta, ta dace da mai yawan gumi. Akwai kuma saƙar satin, inda zare kan tsallake uku ko huɗu kafin ya nutse. Ita ce mai santsi da sheƙi irin na shadda, ta fi laushi tun ranar farko, amma ta fi ɗumi, kuma ta fi saurin tsirgewa idan farce ko kaushin ƙafa ya kama ta.

Ga wanda ya sauka a watan Satumba, lokacin da jami'o'i ke buɗewa kuma sanyi ke ƙaratowa, akwai zanen fulanel, wato audugar da aka taje fuskarta har ta yi gashi-gashi. Ba ya yin sanyin nan da kan tsinka jiki idan an shiga gado. Shi ba a auna shi da adadin zare, sai da nauyi, kuma mai giram 170 a kowace murabba'in mita ana ɗaukarsa mai kyau.

Sai dai ɗumin gaske daga bargo yake zuwa. Turawa na amfani da wani lallausan bargo da ake zura shi cikin riga, rigar ce ake cirewa a wanke. A Birtaniya ana auna ɗuminsa da ma'aunin tog: 4.5 na lokacin zafi, 10.5 na tsaka-tsaki, 13.5 na hunturu.

Roba, gora da alharini

Zannuwan da suka fi araha galibi na foliyesta ne, wato zaren roba, ko da an lulluɓe su da wani suna mai daɗin ji. Suna da laushi a hannu, ba sa yamutsewa, suna saurin bushewa, amma ba sa shan gumi kamar auduga. A Tarayyar Turai da Birtaniya da Amurka doka ta wajabta a rubuta abin da aka saƙa yadi da shi, don haka 'yar takardar nan da ke ɗinke a gefen zane ta fi manyan haruffan gaban kunshi faɗin gaskiya. Tambarin Oeko-Tex, wanda aka ɓullo da shi a 1992, shaida ce cewa an gwada yadin game da sinadarai masu cutarwa, amma bai ce komai ba a kan laushi.

Zanen da ake cewa na gora ne kuwa, yawanci ɓargon gorar ake narkarwa da sinadarai a mayar da shi zare. Yana da santsi da sanyi, sai dai ba abin da ya rage masa na gora. A 2022 hukumomin Amurka sun ci tarar Walmart dala miliyan 3, da Kohl's dala miliyan 2.5, saboda tallata irin wannan yadi da sunan gora.

Akwai kuma batun da mai kanti ba zai taɓa kawowa ba. Akasarin malaman fiƙihu na ganin cewa haramcin alharini a kan maza bai tsaya ga sanyawa ba, ya haɗa har da zama ko kwanciya a kansa, ko da yake an ruwaito sassauci daga Imam Abu Hanifa a kan shimfiɗa. A nan ya kamata a bambance: satin sunan saƙa ne kawai, ana yin sa da auduga ko roba ko alharini, kuma takardar gefen ce za ta nuna wanne ne.

Bayan an saya

Duk wanda ya taɓa sayen shadda mai ƙyalli ya ga yadda ta koma bayan wankin farko, ya san cewa sabon yadi kan zo da kwalliyar aro. Masaƙu kan shafa wa zane sitaci ko sinadarin santsi kafin a naɗe shi, saboda haka ainihin halinsa sai bayan wanki biyu ko uku yake bayyana. Dalilin da ya sa ke nan ya fi kyau a fara da saiti ɗaya, in ya yi a ƙaro. A Birtaniya da Tarayyar Turai, wanda ya yi sayayya ta intanet na da kwanaki 14 da zai iya fasawa, amma wannan dama ce ta dubawa, ba ta kwana a kai ba.

Wani abin da kan ba mazauna London da kudu maso gabashin Ingila mamaki shi ne yadda zane mai kyau ke yin ƙarau bayan wanki. Sau da yawa laifin na ruwa ne, domin ruwan yankin na ɗauke da sinadarin farar ƙasa mai yawa, wanda kan maƙale a jikin zare. Yawaita ruwan laushin kaya ba ya magance wannan, sai ma ya lulluɓe audugar ya rage mata shan gumi. Abin da ya fi shi ne a bi awon sabulun da aka rubuta don irin wannan ruwa, kada kuma a cika injin wanki maƙil.

Wanki a zafin digiri 40 ya isa a yau da kullum. Amma mai fama da asma ko atishawar ƙura, da wanda ya karɓi kayan shimfiɗa na hannu daga wani, sai ya kai digiri 60, domin a nan ne ƙwayoyin ƙura da kuɗin cizo ke mutuwa. Tun da babu ranar Kano da za ta busar da zane cikin awa guda, kuma shanya a ɗaki rufe kan jawo laima da fumfuna a bango, mai saiti ɗaya tak kan sha wuya a lokacin hunturu. Manyan kantuna dai kan karya farashin kayan shimfiɗa a watan Janairu, al'adar da ake dangantawa da ɗan kasuwar nan na birnin Filadelfiya, John Wanamaker, tun 1878, kuma lokacin ne ya fi dacewa da sayen saiti na biyu.