Tsananin Fargaba a Lokacin Ƙunci: Matsayinta a Shari'a da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ɗalibi yakan same ni bayan darasi ya ce barci ya ƙaurace masa, ƙirjinsa yana dukan uku-uku, kullum yana jin kamar wata musiba na tafe. Sau da yawa abin yakan zo ne bayan rasuwar mahaifi, ko nauyin bashi, ko ƙaratowar jarrabawar ƙarshe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne zaton da yake yi cewa halin nan shaida ce ta raunin imaninsa. Wannan maƙala za ta auna zaton nan da ma'aunin nassi, sannan ta bayyana hanyoyin da magabata suka shata domin samun sauƙi.

Rarrabe kalmomi

Ibnul Ƙayyim, Allah Ya yi masa rahama, ya bambanta kalmomi uku da muke tattarawa a Hausa da sunan damuwa. Huznu yana rataye da abin da ya wuce, gammu da abin da ake ciki, hammu kuwa da abin da ake tsoron aukuwarsa nan gaba. Na ukun nan shi ne fargaba ko zullumi. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, domin shi ke sa ɗalibi bita, ya sa matafiyi tanadin guzuri. Yana zama cuta ne idan ya zarce girman sababinsa, ya daɗe, ya hana mutum barci da aiki da natsuwa a salla.

Shin alamar raunin imani ce?

Nassi bai goyi bayan wannan zato ba. Suratul Ƙasas ta ba da labarin fitar Annabi Musa (AS) daga Masar cikin tsoro. Suratu Yusuf ta nuna yadda baƙin ciki ya taɓa ganin Annabi Yaƙub (AS), amma ya kai kukansa ga Ubangijinsa ba tare da yanke ƙauna ba. Aya ta 10 da ta 11 a Suratul Ahzab sun siffanta firgicin da ya girgiza muminai a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, kuma ba a cire musu sunan imani ba. Shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah (SAW), wadda Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta, ta shahara da sunan shekarar baƙin ciki. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito, daga Abu Sa'id da Abu Huraira (RA), cewa damuwar da ta sami Musulmi tana kankare masa zunubai. Abin da ya zama kaffara ba zai zama laifi a karan kansa ba. Abin zargi shi ne fushi da ƙaddara da ɗebe tsammani daga rahamar Allah.

Gudummawar Abu Zaid al-Balkhi

Wannan malami, almajirin al-Kindi, ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934 Miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya nuna cewa rai yana rashin lafiya kamar yadda jiki ke yi, kuma ciwon ɗaya yana shafar ɗayan. Ya ware babi ga fushi, da tsoro da firgici, da baƙin ciki, da waswasi. Ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke saukowa ba tare da wani sababi bayyananne ba, wanda ya danganta shi da yanayin jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki.

Daga shawarwarinsa akwai cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Ya lura cewa yawancin abin da ake tsoro ba ya kai yadda zuciya ta ƙiyasta shi, ya kwatanta shi da hazo: daga nesa kamar bango, in an shiga cikinsa sai a tarar iska ce. Ya kuma gargaɗi mai waswasi game da kaɗaici da zaman banza.

Matakan samun sauƙi

Na farko, salla da addu'a. Abu Dawud ya ruwaito daga Huzaifa (RA) cewa Annabi (SAW) yakan tashi ya yi salla idan wani al'amari ya tsananta gare shi, Bukhari kuma ya ruwaito daga Anas (RA) cewa yana yawaita neman tsari daga hammu da huznu. Wanda bai sami khushu'i nan take ba, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa.

Na biyu, raba damuwa gida biyu. Abin da ke hannun mutum ya rubuta shi, ya ɗauki mataki guda a yau. Abin da ya fi ƙarfinsa ya bar wa Mai shi. Haƙiƙanin tawakkali ke nan: riƙo da sababi tare da dogaro ga Allah.

Na uku, kula da jiki. Yayin firgici jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta. Galibi abin yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna ya lafa, kuma jan numfashi a hankali da tsawaita fitar da shi yana taimakawa. Yawan goro da gahawa da dogon hira da dare suna rura wutar. Nana A'isha (RA) takan yi umarni da dama talbina, wato kunun sha'ir, ga waɗanda aka yi wa rasuwa, tana kafa hujja da hadisin da ke nuna tana kwantar da zuciya.

Na huɗu, faɗa wa amintacce. Da Annabi (SAW) ya dawo daga kogon Hira a firgice, wurin Nana Khadija ya nufa, ta kwantar masa da hankali, ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal.

Na biyar, ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a 2019, kuma ana magance su ta tattaunawa da ƙwararre ko ta shan magani. Hadisin Usama ɗan Sharik (RA), wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, ya yi umarni da neman magani. Ruƙya ta shari'a ba ta kore asibiti. Idan fargaba ta yi makonni tana hana harkokin yau da kullum, a je asibiti. In kuwa tunanin cutar da kai ya shigo, a tafi a ranar, ba jinkiri.

Kammalawa

Nauyi yana kan malamai, domin su ne farkon waɗanda ake kai wa kuka. Malamin da ya ce wa mai fargaba imaninsa ne ya yi ƙaranci ya ɗora masa kaya a kan kaya. Wanda ya jingina kowane firgici ga aljanu kuwa yana iya jinkirta masa magani. Abin da ya dace shi ne a saurare shi da kyau, a tunatar da shi cewa annabawa sun ɗanɗani tsoro, a koya masa zikirin da ya inganta, sannan a raka shi wurin likita idan hali ya kai ga haka. Allah Ya yaye wa kowane mai ƙunci ƙuncinsa. Allah ne Mafi sani.