Inji na kuka, jirgi ba ya gudu: Yadda ake gano abin da ke cinye ƙarfin tsohon injin jirgin ruwa

Duk wanda ya taɓa tsallaka Kogin Neja daga Yauri a kwale-kwale mai inji ya san wannan lokacin. Ana tsakiyar ruwa, jirgi cike da mutane da buhunan shinkafa, sai sautin inji ya sauya. Matuƙi ya murɗa totur har ƙarshe, amma jirgin jan ciki kawai yake yi. Hira ta ɗauke, kowa ya koma kallon bayan jirgi. A kan titi, idan babur ya ƙi ja, sai a gangara gefe a tura shi. A ruwa kuwa babu gefen gangarawa, ga shi da damina ruwan na da ƙarfin da zai yi gaba da jirgin da injinsa ya gaza.

Da yawa daga cikin injinan da ke wannan aiki tsofaffi ne, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai a tanki ɗaya kamar ƙaramin janareton Tiger. Gininsu mai sauƙi ne, shi ya sa suke daɗewa. Abin da ke cinye kuɗin mai jirgi sau da yawa shi ne gyaran kirdado: yau a sauya fulogi, gobe kafireta, jibi kwayil, ƙarshe kuɗi ya ƙare ba a san ainihin cutar ba. Mai wayar hannu ya san ba a sayen sabon batir don kawai waya na nauyi, sai an duba ma'ajiya da manhajoji tukuna. Haka shi ma inji: a fara da abin da bai cin ko sisi, a sauya abu ɗaya kacal, a gwada, sannan a matsa gaba.

Awo kafin kwancewa

Kafin a ɗauko sifana, wayar hannu na da aikin yi. Manhajojin auna gudu ta GPS suna nuna kilomita nawa jirgi ke yi a awa ɗaya, kuma ba sa bukatar data mai yawa. Tun da ruwan kogi na tafiya, sai a auna sau biyu da kaya iri ɗaya, zuwa da dawowa, a haɗa a raba biyu. Akwai kuma ƙaramin agogon ƙirga juyin inji da ake naɗa igiyarsa a jikin wayar fulogi. Yawancin tsofaffin injinan nan an gina su ne su riƙa juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan an ƙure totur. Ainihin adadin kowane inji yana cikin littafinsa, wanda ake nemowa a intanet da lambar da ke manne a jikin maƙalin da ke riƙe injin a bayan jirgi.

Daga nan tambaya ɗaya ce ke raba hanya. Idan an ƙure totur, kukan injin yana tashi sama jirgin ne ya ƙi gudu, ko kuwa kukan ne ma ya ƙi tashi?

Idan kuka ya tashi, jirgi bai tashi ba

Wannan na nuna injin lafiyarsa lau, ƙarfin ne ba ya isa ga ruwa. A kashe inji, a ɗago shi, a dubi farfela. Leda, ciyawar ruwa, kainuwa ko guntun koma na iya naɗe ta. Kunnen farfela da ya lanƙwashe ko ya gutsure bayan cin karo da dutse ko kututture shi ma yana rage gudu, yana kuma sa jirgi karkarwa.

Akwai wata matsalar da ido ba ya gani. A tsakiyar farfela akwai roba da ke riƙe ta da sandar da ke juya ta. Idan robar ta saki, sandar na juyawa, farfelar na zamewa. Gwajin mai sauƙi ne: a ja layi ɗaya da fenti ko jan farce daga cibiyar zuwa jikin farfelar, a ɗan yi tafiya da nauyi, a sake dubawa. Idan layin ya rabu biyu, robar ta tafi.

Zaren fatsa da ya naɗe bayan farfela yana yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga cikin man giya. Idan aka kwance noti man ya fito fari-fari kamar madara, to an makara da sauya robar. Haka nan idan an ɗaura inji ya yi sama da yawa, farfela kan riƙa shan iska maimakon ruwa, musamman a kwana.

Idan kukan ya ƙi tashi, a fara da mai

A nan ne aka fi samun mai laifi. A kan murfin tanki akwai ɗan noti na shan iska. Idan yana rufe, inji zai tashi ƙalau, bayan 'yan mintoci ya fara shaƙewa, domin mai ba ya fita daga tankin da iska ba ta shiga. Mutane da dama sun biya kuɗin gyara a kan abin da yatsa biyu ke warwarewa.

Sai robar nan mai kama da ƙwai da ke tsakiyar tiyon mai. Kibiyar da ke jikinta dole ta kalli inji. Idan ta lotse ana cikin tafiya, akwai toshewa ta ɓangaren tanki. Idan kuma inji na shaƙewa aka matsa ta sau biyu ko uku ya farfaɗo, to famfon mai ya gaji, ko tiyo ya tsage yana shan iska.

Shi kansa man abin dubawa ne. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsada ta sa wasu na komawa ga mai araha na bakin hanya, wasu na rage baƙin mai. A zuba kaɗan a kwalba mai haske a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. Game da haɗi kuwa, injina da yawa na son kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tanki mai lita 25, kuma baƙin man da ya dace da su shi ne mai tambarin TC-W3. Idan ya yi yawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya toshe. Idan ya yi kaɗan, fistin ne ke biya.

Gwaji na ƙarshe a wannan fanni shi ne na cok. Lokacin da inji ke shaƙewa, a ɗan ja cok na daƙiƙa ɗaya a saki. Idan ya zabura, mai ne bai ishe shi ba, kuma galibi ƙananan ramukan kafireta ne datti ya toshe. Wannan ba abin jinkiri ba ne. A irin wannan inji, baƙin mai na shiga ne tare da fetur, don haka silindar da ba ta samun isasshen fetur ba ta samun abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Ci gaba da tafiya a haka na iya kashe injin gaba ɗaya.

Abin da fulogi ke faɗa

Enduro 40 silinda biyu gare shi. Idan ɗaya ta daina aiki, injin ba ya mutuwa, sai dai ya rasa rabin ƙarfinsa ko fiye, yana rawa. A kwance fulogi biyun a jera su, a ɗauki hotonsu da alamar wanne ne na sama. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya yake. Baƙi kuma jiƙaƙƙe na nufin wuta ba ta kamawa a wannan silindar ko baƙin mai ya yi yawa. Fari fat alamar ƙarancin mai da zafi ce. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi na nuna ruwa na shiga silinda, sau da yawa ta gasket ɗin kan inji.

Don a san ko fulogi ne ko kwayil, sai a musanya. A mayar da fulogin sama ƙasa. Idan matsalar ta bi shi, shi ne. Idan ta tsaya inda take, a musanya kwayil a sake gwadawa. Injin da ke aiki da kyau yana sanyi, ya gaza idan ya ɗau zafi, ya dawo daidai bayan ya huta, yakan nuna kwayil ko akwatin CDI ne ke mutuwa. Kada a riƙe wayar fulogi da hannu inji na juyawa, kada kuma a gwada tartsatsi kusa da fetur da ya zube.

Ruwan da ke tsartowa a baya

Ruwan kogi ne ke sanyaya injin, kuma wata roba mai fukafukai a ƙasa ce ke turo shi sama. Yashi na cinye ta, tayar da inji a tudu ba ruwa kuma na ƙona ta cikin ƙanƙanin lokaci. Shaidar tana aiki ita ce siririn ruwan da ke tsartowa daga bayan inji. Idan ya yi rauni ko ya ɗauke, a kashe inji nan take, a dubi ramukan shan ruwa ko leda ta rufe su. Wasu injinan suna rage gudun kansu da gangan idan zafi ya yi yawa. Matuƙi ya ɗauka inji ya lalace, alhali kare kansa yake yi.

Idan duk waɗannan sun fita

Abin da ya rage shi ne matsin silinda, kuma wannan aikin bakanike ne mai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Abin lura shi ne tazara: bai kamata silinda ɗaya ta gaza 'yar uwarta da fiye da kusan kashi 10 cikin 100 ba. Idan ta gaza, zoben fistin ko gasket ne, kuma babu sabon kafiretan da zai magance hakan. Mai shirin sayen tsohon inji ma ya kamata ya nemi a yi masa wannan gwajin kafin ya biya.

Kafin a ɗora wa inji laifi kuma, a dubi jirgin kansa. Ruwan da ya taru a ƙasan jirgi nauyi ne, kayan da suka wuce ƙima ma haka. Injin doki 40 ba zai zama na 75 ba don kasuwa ta ci.

Matashin da ke taya mahaifinsa ko maigidansa aikin jirgi zai iya buɗe shafi ɗaya a wayarsa ya riƙa rubuta gudun jirgi, ranar da aka sauya fulogi da robar famfon ruwa, da inda aka sayi mai. Bidiyon daƙiƙa 30 na kukan inji a lokacin da yake shaƙewa, idan aka tura wa bakanike ta WhatsApp, ya fi dogon bayani amfani, domin sau da yawa matsalar ba ta nuna kanta a bakin gaɓa. Duk gwajin da za a yi, a yi shi kusa da tudu, babu fasinja, da filafili da rigar kariya a cikin jirgi. Injin da ya fara rasa ƙarfi yau kuwa, kada a loda masa mutane gobe sai an gano dalili.