Yawan Ɗakuna Ba Shi Ke Riƙe Gidan Yawa Ba

Duk inda aka zauna shawarar gina gidan da zai ɗauki kaka da 'ya'ya da jikoki, tambayar farko ɗaya ce: ɗaki nawa filin zai ci? Idan kuma a cikin iyalin akwai mai sana'ar da yake son yi a gida, likita ne ko ungozoma ko mai gashin ƙashi, sai a ce wannan ai mai sauƙi ne, a ware masa ɗaki ɗaya kusa da ƙofa. Ra'ayin da ya zaunu a zukatan jama'a shi ne, muddin ɗakuna suka wadata kowa ya samu nasa, to zaman lafiya ya samu, abin da ya rage kuma a gyara bayan an tare.

Masu wannan magana ba da rashin sani suke yin ta ba. Da yawansu sun tashi a gidajen da samari ke kwana a zaure saboda babu wuri, sun ga amarya ta tare a ɗakin da aka fitar da buhunan hatsi jiya. Fili ya yi tsada a Kano da Kaduna da Maraɗi, siminti ya yi tsada, mutum yana da hakkin ya so kowane taku na filinsa ya zama rufi. Ginin bulo kuma yana da yafiya, ana fasa ƙofa a toshe taga a mako guda. Duk wannan na yarda da shi. Inda nake saɓa musu, cikin girmamawa, shi ne abin da ke ɓata zaman gidan yawa ba kasafai yake faruwa a cikin ɗaki ba. A hanya yake faruwa: wa ke wucewa ta gaban wa, wa ke jin maganar wa, wa zai ɗauki buta ya ratsa baƙi kafin ya kai banɗaki.

Magabatanmu sun san wannan, kuma sun gina shi da tubali da azara. Baƙo yana tsayawa a zaure. Wanda ya fi shi kusanci ya wuce ƙofar gida zuwa shigifa. Cikin gida na iyali ne, a can ma kowane magidanci da sashensa, mai gida da turakarsa. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa a titi ya faɗa tsakar gida. Wannan tsari ne a Gidan Rumfa, fadar Kano da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, inda ake ratsa soro bayan soro kafin a kai ciki, kuma shi ne a gidan talaka, sai dai bambancin girma. A zauren nan malami ke koyar da karatu, a nan maɗinki ke ɗinki, dukawa ke aikin fata. Sana'a a gida tsohon abu ne a wurinmu, kuma tun asali an ba ta wurinta a bakin gida, da ƙofarta, nesa da tukunya da shanya. Sabon abu shi ne zanen da muka aro na falo ɗaya a tsakiya da ɗakuna kewaye da shi, wanda aka yi don miji da mata da 'ya'ya biyu, muka ce sai ya ɗauki zuriya uku da marasa lafiya.

A ɗauki fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, kimanin murabba'in mita 465. A ce mai gida likita ne, yana tare da mahaifiyarsa da matarsa da yara, ga ƙaninsa da zai yi aure nan gaba. Ɗaki ɗaya kusa da ƙofa ba zai yi masa aikin duba marasa lafiya ba. Yana bukatar wurin jira, da ɗakin dubawa mai wurin wanke hannu, da banɗakin da ba na iyali ba, kuma dukkansu su buɗe ta titi da ƙofarsu daban. Dalilin ya wuce kunya. Mai tari da ya zo da safe bai kamata ya zauna inda jariri ke rarrafe ba. Matar da ta zo faɗin ciwon da ba ta faɗa wa ko mijinta ba, ba za ta buɗe baki ba idan tana jin muryar mahaifiyar likita a bayan bango, don haka tsakanin ɗakin dubawa da falon iyali a sa sito ko matakala, abin da zai shanye sauti. Ƙofa ɗaya ta ciki, mai kulle, ta ishe shi shiga gida cin abinci. Allurai da audugar da aka yi amfani da su su fita ta wajensu, ba ta kwandon sharar kicin ba. A Kano hukumar PHIMA ce ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, shagon magani kuma sai da lasisin hukumar PCN, kuma suna zuwa duba wuri. Gara a tambaye su tun zane yana kan takarda.

Sashen Hajiya, mahaifiyar mai gida, shi ne wanda aka fi zalunta, kuma da kyakkyawar niyya. Ana ba ta ɗaki mafi girma, wani lokaci a saman bene don girmamawa, a manta cewa gwiwar da ke hawa yau ba lalle ta hau nan da shekara goma ba. Wurinta ƙasa ne, babu tudun dokin ƙofa, banɗaki a ciki mai faɗin da mutum biyu za su tsaya, domin ranar da za a riƙa yi mata wanka tana iya zuwa. Ƙofar da keken guragu zai shiga tana son faɗin santimita 90, kusan ƙafa uku, keken kuma yana son fili mita ɗaya da rabi ya juya. Idan an ɗaga gida santimita 30 saboda ruwan damina, gangaren da za a tura keke a kai sai ya kai tsawon mita uku da rabi da ɗoriya. Waɗannan ma'aunai su ne dai na ƙofar marasa lafiya. Kada a jingina ɗakinta da bangon yamma, wanda ke shan rana tun azahar ya riƙa amayar da zafi har tsakar dare a watan Afrilu. Sannan a bar mata 'yar barandar da za ta karɓi ƙawayenta, da ɗan wurin da za ta dafa abin da ranta ke so ba tare da ta nemi izinin surukarta ba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Murhu biyu yana rage wannan saɓani fiye da ƙarin ɗaki uku.

Batun ya fi tsanani ga masu sha'awar gidan da ake ƙera bangayensa a masana'anta a kawo a harhaɗa. A Jamus, a shekarar 2023, kusan gida ɗaya cikin huɗu na ƙananan gidajen iyali da aka ba izinin ginawa irin wannan ne. Bangon yana zuwa da tagarsa a jiki, da hanyar waya da ta bututu a cikinsa, injin ɗaga kaya ya jera su a kan harsashin da aka riga aka zuba, cikin kwana ɗaya ko biyu gida ya tsaya da rufinsa. Amma kafin a yanka katako ɗaya, mai gida yakan zauna da kamfanin ya tsayar da wurin kowace ƙofa da kowane soket, ya sa hannu. Bayan nan duk canji kuɗi ne mai yawa, wani bangon ma ba ya taɓuwa domin shi ke ɗauke da nauyi. A irin wannan gini babu a gyara bayan an tare. Wanda zai yi shi a ƙasarmu sai ya ƙara da tunanin gara da zafi, ya tambayi abin da aka cusa a cikin bangon don tare rana, kada ya ƙare da abin da bai fi kwantena ba. Ni ina ganin ko mai ginin bulo ya kamata ya ɗora wa kansa wannan horo, ya ɗauka cewa abin da ya zana shi ke nan.

Akwai kuma ranar da ba a son ambato. Gidan yawa wata rana gado zai zama. Wanda aka tsara shi sashe sashe, kowanne da hanyar shigarsa da mitarsa da banɗakinsa, ana iya raba shi, ko a ba da hayar wani ɓangare a riƙe marayu da kuɗin. Wurin duba marasa lafiya mai ƙofar titi yana iya komawa shago ko ofis. Gida mai ɗaki goma da falo ɗaya da ƙofa ɗaya kuwa, sau da yawa sai an sayar da shi kafin kowa ya samu rabonsa, zuriyar da aka gina shi don ta haɗu ta watse.

Don haka, ɗan'uwa mai shirin gini, kafin ka kai zane hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ko takwararta ta jiharku, ka shimfiɗa takardar a gaban Hajiya da uwargida da ƙaninka. Kowa ya bi da yatsa hanyar da zai bi daga asuba zuwa lisha, kai ma ka bi ta mara lafiyar da zai zo maka. Duk inda yatsu biyu suka haɗu a wurin da bai dace ba, ka mayar wa mai zane ya gyara, ko da gyaran zai ci ɗaki ɗaya.