Tsarin Allon Talla: Faɗakarwa ga Masu Gidajen Ɗaukar Hoto a Tawa da Kewaye

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a gidajen ɗaukar hoto na birnin Tawa da garuruwan da ke kewaye da shi irin su Kalfu, wato cika allon talla da katin sanarwa da hotuna barkatai da launuka iri-iri, bisa zaton cewa yawan abin da aka jibga shi ne shaidar ƙwarewa. Tsarin zane, wato ilimin jera rubutu da hoto da launi yadda saƙo zai isa ga mai kallo cikin sauƙi, ya ginu ne a kan fifita abu ɗaya bisa sauran, da bambanta launin rubutu da na bayansa, da daidaita layuka, da barin fili domin ido ya huta.

Hujjar da masu cunkoson suka fi kafawa ita ce, tun da mai buga allo da mita yake lissafin kuɗinsa, duk wurin da aka bari fayau asara ce. Wannan lissafi ya manta da wanda aka yi allon dominsa, domin mai wucewa bisa kabu-kabu daƙiƙa biyu ko uku kawai yake da su, kuma idonsa wuri ɗaya yake nema ya sauka. Idan aka jera hotuna ashirin kowanne kamar tafin hannu, daga tsallaken titi babu fuskar da za a gane, sai allon ya zama tamkar kasuwar da kowa ke kiran hajarsa a lokaci guda. Ga kuma zafin ranar yankin da ƙurar hunturu, waɗanda ke dusashe hotuna. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, da Malick Sidibé, wanda ya sami babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Banis a 2007, sun shahara ne da hotunan baƙi da fari waɗanda aka saita haskensu da tsayuwar mutanen cikinsu da natsuwa. Hoto ɗaya mai kyau ya ishi gwani shaida, domin gani ya kori ji.

Abin takaici ya wuce cunkoso, domin wasu na kwaso hotunan taurarin finafinan Kano da na Indiya daga intanet su liƙa kamar aikinsu ne, alhali wannan yaudara ce tsagwaronta. Mafi muni shi ne kafa hoton amarya ko matar aure a bakin hanya ba da saninta ba. A yankin da magidanta da yawa ke ci-rani a Abijan da sauran biranen gaɓar teku, kuma hoto ke isa gare su ta waya nan take, irin wannan ganganci na iya girgiza aure. Hoton da aka biya aka ɗauka amana ce, kuma bai halatta a yi talla da shi ba sai da yardar mai shi. Rashin horo da manhajojin waya masu tsararrun samfura su ma suna da nasu laifin wajen lalacewar tsarin alluna.

Mai son allo nagari ya zaɓi hoto ɗaya daga aikin hannunsa ya ƙara masa girma, sannan sunan gidan ya biyo baya, sai lambar waya, wadda ya kamata a raba alƙalumanta takwas biyu-biyu domin sauƙin haddacewa. Masu sana'ar alluna kan ba harafi tsayin kimanin santimita biyu da rabi ga kowace tazarar mita uku da za a karanta shi. Salon haruffa kada ya wuce biyu, launi kada ya wuce uku, rubutu mai duhu kuma ya hau kan fili mai haske. A tabbatar salon da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, musamman yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Saboda waɗanda ba su karanta boko, a sa alamar kyamara a fili, a ƙara ajami idan da hali.

Wajen bugawa, launin fuskar kwamfuta daga haske yake, na takarda kuwa daga tawada huɗu, shi ya sa shuɗi mai ƙyalli kan fito a dushe, don haka a nemi gwaji ƙarami kafin a biya kuɗin babba. Kati da takardar da za a riƙe a hannu suna buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, kuma hoton da aka tura ta WhatsApp yakan rasa ingancinsa sai an aika shi a matsayin fayil. Tambari da launi su kasance iri ɗaya a allo da kati da ambulan da shafin Facebook. Kafin a rataye allon, a nuna shi ga baƙo daga nesa na ɗan lokaci. Idan ya kasa faɗin sunan gidan da sana'arsa, a koma a rage kaya.