Laktoferin da Yauƙin da Ƙwayoyin Cuta Ke Fakewa a Cikinsa

Laktoferin wani furotin ne da jiki ke haɗawa da kansa. Ana samunsa a nonon uwa, da hawaye, da yawu, da majina, da cikin wasu fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A shekarar 1939 aka fara gano shi a madarar shanu, aka kuma tace shi daga nono a 1960. Ya fi yawa a dakashi, inda yakan kai kimanin giram 7 a lita guda. Idan nono ya kankama sai ya sauko zuwa giram 1 ko 2, madarar shanu kuwa ba ta ko kusa da haka.

Babban aikinsa kama sinadarin ƙarfe ne. Kowace ƙwayar laktoferin kan riƙe ƙwayar ƙarfe biyu gam, kuma kusan babu bakteriyar da ke yaɗuwa ba tare da ƙarfe ba. Ta nan yake horar da su da yunwa. Ban da wannan, idan ruwan ciki ya narka shi, wani guntu yakan ɓalle, wanda ake kira laktoferisin, yana huda fatar wasu bakteriya kai tsaye.

Bakteriya ba kullum suke yawo ɗai-ɗai ba. Sukan manne a wuri, su hayayyafa, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi, kamar santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Likitoci na kiran wannan taro bayofim. Shi ne farar dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori, shi ne ke kama robar fitsarin majinyaci, kuma yana da hannu a gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a ƙafar mai ciwon suga. Magani yakan sha wuyar ratsa yauƙin. Waɗanda ke can ciki ma kamar barci suke yi, alhali yawancin magunguna sun fi cin ƙwayar da ke tsaka da hayayyafa. Shi ya sa ciwo kan lafa, a daina magani, ya sake tasowa.

A 2002 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka, ciki har da Pradeep Singh, suka buga wani gwaji a mujallar Nature. Sun zuba laktoferin kaɗan, wanda bai isa ya kashe ko ya hana hayayyafa ba, a kan Pseudomonas aeruginosa, bakteriyar da ke addabar masu ƙuna da masu wani ciwon huhu na gado. A inda babu laktoferin, ƙwayoyin suka zauna inda aka haife su, suka yi tsibi-tsibi. A inda yake, ƙarancin ƙarfe ya hana su zama, suka dinga jan jiki a kan gilashi, ba su taru sun yi yauƙi ba. Sai dai gwajin ya nuna wani abu da masu tallar magani ba sa son ambata: bayofim ɗin da ya riga ya kafu bai ji laktoferin ba. Wato laktoferin ya fi ƙarfi wajen rigakafi. Wasu bakteriyar ma, irin su mai kawo sanƙarau, sun iya ƙwace ƙarfen daga hannunsa.

A jikin mutum sakamakon bai zo ɗaya ba. Gwajin da aka buga daga Italiya a 2009 ya nuna laktoferin na shanu ya rage shigar cuta cikin jinin jarirai masu ƙarancin nauyi. Amma wani mafi girma a Birtaniya, a kan bakwaini sama da 2,000, wanda ya fito a 2019, bai ga wani bambanci ba. Don haka kafson laktoferin da ake sayarwa ba ya maye gurbin wanke gyambo, ko sauya robar fitsari, ko maganin da likita ya rubuta.

Inda amfaninsa ba ya da ja shi ne a nonon uwa. Har yanzu a wasu gidajen ƙasar Hausa ana matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, alhali a nan laktoferin ya fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa guda da haihuwa.