Kafin a Sayi UPS: Yadda Ake Zaɓen Wanda Zai Riƙe Kwamfuta Idan An Ɗauke Wuta

Kwamfutar tebur ba ta da batir a cikinta. Da zarar an ɗauke wuta nan take take mutuwa, kuma duk abin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Ɗalibin da ya yi awa biyu yana buga babin furojet ɗinsa, da mai shagon da ke shigar da lissafin masu bashi, da mai tace bidiyon biki, duk sun san wannan takaicin. Asarar ma ba a nan ta tsaya ba. Idan wutar ta ɗauke daidai lokacin da kwamfuta ke rubutu a ma'ajiyarta, fayil na iya lalacewa. Idan kuwa Windows na tsakiyar sabunta kanta ne, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya sai an kai wa mai gyara.

Maganin wannan shi ne UPS, akwatin nan mai batir da ake sakawa tsakanin soket da kwamfuta. Sai dai da yawa sun saya sun dawo suna ƙorafi: wani ya ce nasa kuka kawai yake yi, wani ya ce minti biyu ya riƙe ya mutu, wani kuma ya ce ya ƙi karɓar wutar janareto. Galibi ba na'urar ce ta lalace ba. An saye ta ne bisa lambar da ke jikin kwali, ba a duba nauyin da za ta ɗauka ba, ba a kuma duba irin wutar unguwar ba.

Aikinsa na mintuna ne, ba na awanni ba

UPS ɗin gida ba ya maye gurbin NEPA. Aikinsa ya ba mutum minti biyar zuwa goma sha biyar ya adana aikinsa ya kashe kwamfuta yadda ya kamata, ko ya riƙe ta har a tada janareto. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke bi ta Apir shi ma ya samu matsala, jihohin Arewa da dama sun kwashe fiye da mako guda a duhu. Babu UPS ɗin da ke maganin irin wannan. Ko 'yan rukunin A, waɗanda hukumar NERC ta ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024, alƙawarin da aka yi musu aƙalla awa 20 ne a rana. Ragowar awa huɗun ya fi ƙarfin ƙaramin akwati mai batir ɗaya.

Saboda haka mai son ya ci gaba da aiki na awanni, inbata da manyan batura ko sola yake buƙata. Mai laftof kuwa ya riga ya samu nasa UPS ɗin a cikin na'urar. Abin da ya fi masa amfani shi ne ƙaramin mai batir da ake yi musamman don rauta, wato na'urar raba intanet, wanda ke riƙe ta na awanni saboda wutar da take ci kaɗan ce.

Lambar kwali da lambar gaskiya

Abin da ake bugawa da manyan haruffa a kwali shi ne VA: 650VA, 1200VA, 1500VA. Amma kayan da za a jona da wat ake auna cinsu, kuma lambobin biyu ba ɗaya ba ne. A yawancin ƙananan UPS na gida, wat ɗin kusan kashi 60 cikin 100 ne na VA ɗin. Wato mai 650VA yana ɗaukar kimanin wat 390, wasu ma ƙasa da haka, mai 1500VA kuma kimanin wat 900. Ana samun wannan lambar a ƙananan rubutu a bayan na'urar ko a takardar da ke cikin kwali, da harafin W a gabanta. Wanda ba a rubuta wat ɗinsa ko'ina ba, gara a ajiye shi a duba wani.

Lissafin ba shi da wuya. Kwamfutar ofis ta yau da kullum tana cin wat 60 zuwa 150. Allo na zamani mai faɗi yana cin 20 zuwa 30, rauta kuma kusan 10. A ce kwamfuta 120, allo 25, rauta 10, an samu 155. Sai a ƙara rubu'i a kai don kada na'urar ta riƙa aiki a maƙura, ya kama kusan wat 200. Mai 650VA ya wadatar. Mai Starlink ya ƙara wat 50 zuwa 100 a lissafinsa. Kwamfutar tace bidiyo ko ta wasanni mai babban katin hoto kuwa tana iya haura wat 400 idan aiki ya yi zafi, don haka 1500VA ne ya dace da ita.

Lambar da ke jikin fawa-fak na kwamfuta, kamar 500W, iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da kwamfutar ke ci kullum ba. Akwai kuma abubuwan da ba a jona su ko kusa: firinta mai aiki da garin tona, wadda ke zuƙar ɗaruruwan wat a lokaci guda idan tana ɗumama, da injin fotokwafi, da firji, da dutsen guga. Masu shagon buga takardu sun fi faɗawa wannan tarkon, su jona komai a layi ɗaya, da an tura shafi UPS ya kama ihu ya kashe duka.

Minti nawa zai riƙe?

VA bai faɗi komai game da tsawon lokaci ba. Batir ne ke faɗa. Yawancin masu 650VA batir ɗaya gare su mai 12V 7Ah. Idan aka ninka 12 sau 7 an samu 84, wato a kan takarda zai ba da wat 84 na awa guda, ko wat 155 na kusan rabin awa. A zahiri ba a samun haka. Ma'aunin 7Ah ɗin an yi shi ne bisa zuƙar batir a hankali cikin awa 20. Idan aka zuƙe shi da sauri abin da yake bayarwa yana raguwa sosai, ga kuma wutar da ke salwanta wajen juya ta zuwa irin ta soket. Da sabon batir, wannan nauyin zai samu kamar minti goma zuwa sha biyar. Idan aka cika masa kaya har maƙura, minti biyu ko uku ne.

Shi ya sa UPS biyu masu lamba ɗaya a kwali kan bambanta a aiki. Tambayar da ta dace a yi wa mai shago ita ce: batir nawa ne a ciki, kuma Ah nawa ne kowanne? Nauyi ma na ba da labari, domin batirin dalma ne, mai 7Ah ɗaya ya kai kilo biyu. Akwatin da aka rubuta wa babbar lamba amma aka ɗaga aka ji shi sakayau, akwai alamar tambaya a kansa.

Iri uku, da wanda ya dace da wutarmu

Wutar soket a Nijeriya ya kamata ta zama bolt 230. Duk wanda ya zauna a unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da kima ya san da magariba fanka kan juya da ƙyar, abin da ake kira lo-karan. A nan ne bambancin ire-iren UPS ke fitowa.

Na farko shi ne mai jiran ko-ta-kwana, wanda a kwali ake rubuta masa Standby ko Offline. Yana barin wutar soket ta wuce yadda ta zo, sai ta ɗauke ko ta yi ƙasa sosai ya koma kan batir. Shi ne mafi araha. Matsalarsa, a inda lo-karan ya zama ruwan dare zai yi ta komawa kan batir alhali akwai wuta, lokacin da za a ɗauke da gaske kuma ya riga ya ƙare.

Na biyu shi ne mai daidaita wuta, wanda ake rubuta wa Line-Interactive, ko a ga haruffan AVR a jikinsa. Yana da ɗan taransifoma a ciki da ke ɗaga wuta idan ta yi ƙasa, ya rage ta idan ta yi yawa, ba tare da ya taɓa batir ba. Da yawa suna karɓar daga kimanin bolt 160 zuwa 280, wasu sun fi haka faɗi. Ga yawancin gidaje da ƙananan shaguna wannan ne zaɓin da ya fi dacewa, kuma faɗin wannan tazarar na cikin abubuwan farko da za a duba. Inda wuta ke faɗuwa ƙasa da abin da yake karɓa, sai a sa sitabilaiza a gabansa, tsakaninsa da bango.

Na uku, wanda ake rubuta wa Online, kullum shi ke haɗa wa kwamfuta sabuwar wuta daga cikinsa, don haka babu ko ƙiftawa idan an ɗauke. Ana amfani da shi a ɗakunan manyan kwamfutoci na bankuna da asibitoci. Yana da tsada, yana da fanka mai ƙara, kuma shi kansa yana cin wuta. Sauran biyun sukan ɗauki 'yan milisakan kafin su koma kan batir, amma fawa-fak mai kyau an ƙera shi ya riƙe kansa na kusan milisakan 16, wanda ya isa a tsallake.

Siffar wuta da batun janareto

Wutar soket tana hawa da sauka a hankali kamar igiyar ruwa. UPS masu araha, idan suna kan batir, kwaikwayon wannan suke yi da tsalle-tsalle kamar matakalar bene. Tsoffin kwamfutocin ofis ba su cika damuwa ba. Amma sabbin fawa-fak masu alamar Active PFC, irin na kwamfutocin tace bidiyo da wasanni, wasunsu kan yi ƙara ko su mutu daidai lokacin da aka koma kan irin wannan wutar. Mai irin wannan kwamfutar ya nemi wanda aka rubuta wa Pure Sine Wave. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado idan na'urar za ta gaza a sakan ɗin da aka saye ta dominsa.

Janareto kuma nasa halin daban. Wutar ƙasa tana juyawa sau 50 a sakan, shi kuwa ƙaramin janareto gudunsa na hawa da sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa. UPS na ganin wannan a matsayin gurɓatacciyar wuta, sai ya ƙi ta ya zauna kan batir yana kuka. Wasu samfuran suna da saitin da ake rage musu wannan tsantsenin, don haka duk mai dogaro da janareto ya tambaya kafin ya biya. Yana kuma taimakawa janareton ya fi UPS ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai inbata a gida shi ma ya duba ko tana da saitin UPS, domin wasu na jinkiri wajen sauyawa har kwamfuta ta mutu ta sake tashi.

Zafi ne ke kashe batir

Batirin UPS yakan yi shekara uku zuwa biyar idan yana zaune a ma'aunin zafi 25. Duk ƙarin kusan maki 10 yana rage wannan da rabi. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafi ke kai 40 a watan Afrilu, batir ya gaji cikin shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, ba cikin rufaffiyar durowa ko jikin taga mai rana ba, kuma a riƙa share masa ƙura lokacin hunturu.

Caji ma na da nasa. Batirin da ya ƙare yana son kamar awa shida zuwa takwas kafin ya kusa cika. A unguwar da wuta ke leƙowa na awa biyu ta tafi, wanda ke barin UPS ya ƙare ƙaƙaf kowane lokaci yana tura batir ɗinsa kabari da wuri, domin batirin dalma ba ya son zama babu caji. Haka ma wanda ya daɗe a sito: yana iya zama sabo fil a kwali alhali batirin ya riga ya yi rauni. A duba ranar ƙira, a kuma zaɓi samfurin da ake iya buɗewa a canza batir, tunda mai 12V 7Ah ana samunsa a kasuwa. Tsohon kuma a mayar wa masu sayen tsofaffin batura, kada a bar wa yara, domin dalma guba ce.

A bakin shago

Ko a Farm Centre ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Legas, za a ga samfura irin su APC, Eaton, Mercury da Blue Gate. Suna kaɗai bai isa ba, tunda manyan sunaye ne aka fi yi wa jabu. A karɓi rasit da garanti a rubuce. Kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, jona su kai tsaye ƙonewa ne. A duba ramukan bayansa ko sun dace da filogin gida, mai ƙafa uku irin na Ingila a Nijeriya, mai ƙafa biyu zagayayyu a Nijar. Wanda ke da kafar USB ya fi, domin idan aka haɗa shi da kwamfuta ana iya saita ta ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa, ko da mai ita ya fita masallaci.

Idan an kai gida, a bar shi ya yi caji na aƙalla awa takwas. Daga nan a jona kwamfuta da allo, a rufe duk wani aiki mai muhimmanci, a kashe makunnin soket ɗin bango, a duba agogo. Mintunan da ya riƙe su ne ainihin abin da aka saya. A rubuta lambar a takarda a manna a jikinsa, a maimaita gwajin duk bayan wata uku. Ranar da ta faɗo zuwa rabi, lokacin canza batir ya yi.